Na Yafe Masa, Amma Na Kasa Sakin Maiyama

Anti Atika, ki taimake ni da shawara, don na yi cinikin da ribarsa ta fara cina.

Ni 'yar Aliero ce, ina sayar da atamfa a kasuwar Jega. Maigidana, bari in kira shi Baban Imran, direban motar albasa ne. Kin san mai dakon albasa, har hularsa wari take yi. To, sai mutumina ya fara dawowa daga Maiyama fes, yana ƙamshin sabulun da ban taɓa saya ba. Na ce a raina, wa ke wanka a tasha?

Ban yi faɗa ba, bakin kasuwa na saurara. Nan na ji labarin wata bazawara mai sayar da tuwo a tashar Maiyama. Na shirya na je har rumfarta, na ci tuwonta, na yaba, har na sa ta zuba mini miya a kwano. Da la'asar na ajiye masa ita da tuwona. Loma ɗaya ya kai ya janye hannu. Shi da kansa ya faɗa mini abin da ke tsakaninsu ya wuce cin tuwo. Ya yi kuka, ya rantse ya tuba, ni kuma na ce na yafe a gaban yayansa Sa'idu.

Ga inda matsalar take. Tun ranar, in ina son abu, sai kawai in ce "Maiyama". Rufin kicin da na shekara ina magana, an yi shi. Zuwa bikin ƙanwata, an bar ni ba gardama. Da farko daɗi nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma Anti, mutumin da ke tsokanata har in ƙware da dariya yanzu sallama yake yi kamar ɗan haya. Komai na ce, sai "to". Ni kuma da na ga motarsa ta nufi kudu, hanyar Maiyama, sai zargi ya dawo mini. Ina son mijina ya dawo, amma ina tsoron in na saki wannan kalma, na saki linzami. Ya zan yi?

'Yar Atamfa, Aliero

Ɗiyata 'Yar Atamfa,

Kwanon miyar nan ya ba ni dariya, amma na lura a duk wasiƙarki shi ne ya yi kuka. Ke fa? Kin kama shi da dabara, kin yafe da baki saboda kunyar yayansa, amma ba ki taɓa zama kin gaya masa yadda abin ya ƙona ki ba. Shi ya sa ciwon ke fita ta rufin kicin.

Laifin nasa ne, kuma babba ne a wurin Allah da wurinki. Shirun da yake yi ba ya biyan komai. Amma ke ma ki sani, mutumin da ake tuna wa laifinsa duk lokacin da ake son abu, tsoronki zai koya, ba ƙaunarki ba.

Ki zaɓi ranar da yara ba sa gida, ki amayar masa da komai, har zargin nan da ke dawo miki. Ki faɗi abin da zai kwantar miki da hankali: ya canza wurin cin abinci, ya riƙa kiranki in ya isa, ku je asibiti tare a gwada ku. Wannan haƙƙinki ne, ba ciniki ba. In maganar ta ƙi yiwuwa ku biyu, ku nemi wani dattijo ko malama mai riƙe sirri, wanda ba dangin kowa ba.

Daga nan ki ajiye kalmar. Ke 'yar garin masu ɗori ce, kin ga yadda suke yi: in sun ɗaure ƙashi, ba sa barin a riƙa latsa shi kullum don a ji ko ya kama. In ya sake komawa, wannan wata magana ce, ki rubuto mini.

Allah ya daidaita ku, ya nuna miki ranar da za ki ce "Maiyama" ya tambaye ki ko saƙo za ki ba shi.

Anti Atika