Sunan da ban taɓa faɗa ba

Ku gafarce ni, 'ya'yana, da na ɗora muku karatu a shekarar da kowa ke fama da abin sawa tukunya. Ni ce uwarku Hindu Na Allah, daga Tasawa. Hankalina ƙalau yake, jikin ne dai.

Na ɗaya. Gonar hanyar Mayahi ku raba yadda Allah ya ce. Hatsin iri da ke rumbu kada a taɓa, komai yunwa. Gazali, kai da Yahaya ku bar gabar nan a kan amalanke, ba ta kai ba.

Na biyu. Allona da Alƙur'anina na Zara'u ne. Turmin maƙwabciyarmu Uwani aro ne, a mayar mata.

Na uku shi ne mai nauyi. Ciwon dajin nono ne ya kama ni. Shi ya ɗauke innata shekarar babban fari, da soja suka fara karɓar mulki. Shi ya ɗauke yayata Talle. Ga fari ya dawo, ga soja, ga ni. A gidan likita na Maraɗi an yanki tsokar an aika Yamai. Likita ya ce a wasu gidaje abin jini yake bi, naman nono yakan fara sauyawa tun hannu bai ji ƙullutu ba. Mu kunya ta sa muka rufe zane har lokaci ya wuce.

Zara'u na yi mata magana, ta je an duba ta. Saura 'yar farina, wadda goggonta ta riƙa a Kona. Tun da na haife ta ban kira sunanta ba, ban zauna da ita mun yi zance ba, haka muka tarar ana yi. Ran sunan ɗanta na ga tana dafa gefen hagu na ƙirjinta in ta sunkuya. Na gani, na kasa tambaya.

Zuhura. Ga shi na rubuta. Zuhura, 'yata, ki je a duba ki, mace ce ke dubawa. Yahaya zai kai ki. In 'ya'yanki mata sun girma ki gaya musu da bakinki.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada ku watse bayana.

Zuhura, ki aiko mini amsa da wuri, ko da baki ne, tun ina iya ji.