Inna, Yau Ban Tashi Na Gaida Babba Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini, da fatan makwancinki yana da yalwa da haske, ina sanar da ke cewa a kife nake rubuto miki wannan wasiƙa. Goshina na kan matashi, hancina na kallon tabarma, wayar na ƙarƙashin fuskata. Na ƙara wa rubutun girma saboda idon hagu, wanda kin san tun da na yi ƙyanda bai sake yin wani abin kirki ba. Na daman aka yi wa aiki, wanda nake zura zare a allura da shi. Gobe da safe likita zai duba ya faɗa mini ko ya tsira.

Ina cikin ɗinkin wata hula abin ya fara, a inuwar nan ta ƙofar ɗaki inda kike zama. Na ga wasu baƙaƙen abubuwa na yawo a gabana, har na kai hannu in kore su, na ɗauka ƙudaje ne. Washegari sai walƙiya a gefen ido, alhali sama ko gajimare babu. Na zizara kwalli na ce gajiya ce. Rana ta uku wani duhu ya fara shigowa daga gefe, ya cinye rabin hular da ke hannuna ina kallo.

Maigidana, baban su Maryam, bai je mahauta ba ranar, ya kai ni asibiti. Likitan ya ce akwai wani siririn tantani a bayan ƙwayar ido, a kansa duk abin da mutum ya gani yake sauka. Nawa ya tsage, ruwa ya bi ta tsagar ya shiga bayansa yana ɓamɓaro shi, kamar yadda damina ke yi wa yaɓen bango. Ya ce in ruwan ya kai tsakiya, ni da allura sai dai labari.

Aka shiga da ni tiyata. Suka zuƙe ruwan, suka mayar da tantanin mazauninsa, suka ƙona gefen tsagar da wani haske don ta kama. Sannan suka cika idon da wata iska wadda za ta danne wurin har ya warke. Ita kuma iskar sama take tasowa, don haka ba za ta danne bayan ido ba sai fuska na kallon ƙasa. Likita ya maimaita mini har sau uku: ki kifa fuskarki, a kowace awa 'yan mintoci kawai za ki ɗago ki sha ruwa ko ki zaga. Na ce to. Wallahi da gaske na ce to ɗin.

Amma Inna, kin san unguwarmu Ƙofar Marke, kuma kin san dubiya.

Kafin in gyara shimfiɗa sallama ta fara. Matan unguwa, ƙawayenki da suka rage, dangin baban su Maryam, har da matar limami. Kowacce ta ɗaga labule sai in ji muryarki a kunnena, ranar da kika tsinke ni da mari ina shekara tara don na amsa gaisuwar Kawu ina kwance. Kika ce, "Ke Nana, in babba ya shigo tashi za ki yi, ko da ranki na hita."

To na tashi. Na zauna na lanƙwashe ƙafa, na sunkuyar da kai yadda ake yi a gaban manya. Ki ji wautar ɗiyarki: na yi lissafin cewa ai sunkuyawar kunya ma kallon ƙasa ce, ke nan na biya likita na biya tarbiyya. Ina ɗagowa in amsa "ya jiki", ina ɗagowa in ce a kawo musu ruwa, wasu har ƙofar zaure na raka su da bandeji a fuska. Yini biyu cur na yi a haka. Aka yi ta yabona ana cewa Nana ɗiyar uwarta ce, ni kuma ina jin daɗi.

Da muka koma asibiti likitan ya ɗora haɓata a kan na'urarsa ya haska. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce in dubi sama, in dubi gefe. Ina jin bugun zuciyata a cikin idon. Sai ya tambaye ni yadda nake kwanciya, na kwatanta masa. Ya ajiye biro ya dubi baban su Maryam, shi kuma ya dubi takalminsa.

Ya ce ruwa ya fara taruwa a gefe, tsagar ba ta gama kamawa ba, domin iskar ta yini tana danne inda ba a aike ta ba. Ya ba ni kwana biyar. In na kife yadda ya kamata, wataƙila ruwan ya janye da kansa. In bai janye ba sai an sake buɗe idon, kuma bai yi mini alkawarin komai ba game da aiki na biyu.

Na dawo na kife, Inna. Wuyana kamar zai tsinke, fuskata ta kumbura. Masu dubiya na shigowa su tarar da bayana, in amsa musu daga cikin matashi. Wasu sun gane, wasu kuwa tun a tsakar gida nake jin ana cewa to, ashe aikin ido har girman kai yake sawa. Duk na haɗiye. Mutum ɗaya nake tsoro, kuma na san za ta zo.

Hajiya Ige, yayarki. Wadda kina da jikoki ba ki daina durƙusa mata ba. Ina nan ranar da kika cika. Numfashi ma da ƙyar kike ja, amma da kika ji sallamarta kika matse hannuna sai da na tayar da ke zaune, kika gyara ɗankwali kika gaishe ta. La'asar ba ta yi miki ba.

Yau bayan azahar na ji sandarta a zaure. Na san bugunta, ɗaya da ƙarfi ɗaya a hankali. Kafin ta kai bakin ɗaki tafukana sun dafe tabarma da kansu, gwiwar hannuna ta fara miƙewa. Na tuna hular da na bari rabi. Na tuna ban taɓa ganin jaririn ɗiyata Maryam ba, watan gobe ake sa ran haihuwarsa. Na tuna marinki. Ta yi sallama, na amsa fuskata a ƙasa. Ban tashi ba.

Ƙafafunta kawai nake hange ta gefen matashi, sun tsaya cak. Sai na ji sandar ta faɗi. Na ji tana nishi, gwiwoyinta na ƙara, tana kiran sunan Allah. Tsohuwar da salla ma a kujera take yi ta sauko har ƙasa, ta kwanta a gefenta kan tabarmata, ta turo fuskarta dab da tawa, inda idon hagu zai iya kamo ta ba tare da na juya ba.

Ta ce, "Kwanta abinki, ɗiyata. Tunda ke anka hana tasowa, ni sai in sabko." Sannan ta ce, "Uwakki ta tashi mani ran nan, ina kallo ban hana ta ba. Har yau abin na ci na."

Hancinku iri ɗaya ne, Inna. Ban taɓa lura ba, domin ban taɓa kallon fuskarta ba, kullum kaina a sunkuye yake. An ce kada in yi kuka mai ƙarfi, sai na bar hawayen suna ɗiga kan tabarma, ita tana share mini da bakin mayafinta. Yanzu haka tana zaune a bakin ƙofa da sandarta, duk wadda ta shigo sai ta ce mata ta gaisa daga nan ta wuce.

Ban san abin da likita zai gani gobe ba. Yini biyun da na ɓata ba za su dawo ba, kuma ina tsoro ƙwarai. Ba na ganin laifinki, abin da aka koya miki kika koya mini. Amma Maryam na nan zaune da cikinta, ɗazu ta yunƙura za ta durƙusa wa Hajiya, na ji bakina ya ce mata zauna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka ƙabarinki, Ya sa kina kwance cikin hutun da ba wanda zai tashe ki. Ni kuma Allah Ya bar mini idona. Ki yafe mini, Inna, yau babba ya shigo ban tashi ba.

Ɗiyarki,
Nana