Idon Baba na Hagu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, kin tafi ban gama karatun jinya ba. Ga shi na gama, kuma majinyacina na farko mijinki ne.

Bayan zazzaɓin da ya yi da damina, idonsa na hagu ya yi ja, yana zubar da hawaye, ba ya son haske. Kin san zaurenmu, kowa likita ne. Suka ce apolo ne. Kin kuma san kwalbar maganin ɗigawar nan da ke yawo gida-gida, wanda ya warke ya miƙa wa na gaba. Ita aka kawo masa. Jan ya ragu, ya ce ya warke, amma ya daina bambance zare a kan babbar rigar da yake wa aiki.

Da na karanta jikin kwalbar, sai na ga matsalar. Akwai sitiroyid a ciki. Yana kwantar da ja, amma in ƙwayar cutar harfis ce ta kama idon, mai feso ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, ƙarfi yake ƙara mata ta ci fatar nan garai-garai da ke rufe baƙin ido. Ƙarshenta hakiya.

Kin sha gaya mini, "Malam ba ya jin 'kada', sai 'don Allah'." Na bari abokansa suka watse, na durƙusa, na roƙe shi irin roƙonki ya bar ɗigawar mu je asibiti.

A asibiti likita ta ɗiga masa rini, ta haska shuɗiyar fitila, ta ce in leƙa. Na ga gyambon da rassansa, kamar ƙaramar bishiya. Harfis ɗin ce. Aka ba shi maganin kashe kaifinta.

Ba zan ɓoye miki ba, tabo ya rage, sai dai a gefe yake, bai tare tsakiya ba. Ƙwayar kuma ba ta barin jiki, a jijiya take kwanciya, tana iya farkawa. In ta farka, a ranar za mu koma asibiti. Shi da bakinsa ya faɗa.

Jiya da hantsi ya ɗauki allura. Ya kuskure kafar, ya sake kuskurewa. Hannuna na ƙaiƙayi, amma ban miƙa ba. Zaren ya shiga, Inna.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya bar mana ganinsa.

'Yarki,
Rukayya