Turaren da Iya Ta Daina Ji

Unguwar Birni, Damagaram
9 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Yaya Aliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a Abijan, ke da maigida Malam Yusufu da yara. Mu nan lafiya lau. An gama girbi a Dakusa, gero ya yi kyau bana, matata Amina kuma ta sauka lafiya, an samu mace. Na zaɓi rubutu ne don a salula kina katse ni da kuka, maganar kuwa tana son a ji ta har ƙarshe.

Zancen Iya ne. Ranar Litinin na kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, ya tabbatar cewa ciwon mantuwa ne, kuma ba bana ya fara ba. Cikin tambayoyinsa ya ce ko ta taɓa kukan ba ta jin ƙamshi. Nan take na tuna. Shekara shida ke nan, lokacin bikin 'yar Kawu Suma'ila, Iya ta haɗa turaren wuta da humra na amarya kamar yadda ta saba tun kafin a haife mu. Ta zuba a kasko, hayaƙi ya cika ɗaki har muna tari, ita kuwa ta ce itace kawai take ƙonawa. Ta rantse Ɗanƙarami mai kayan turare ya sayar mata da hawi da farce marasa kyau. Ni da kaina na je rumfarsa na yi masa faɗa a gaban mutane. Bawan Allah ya ce shekara talatin Hajiya Fanta na saye wajensa bai taɓa canja mata kaya ba, ban saurare shi ba.

Likitan ya yi magana da taka-tsantsan. Ya ce mutane da yawa hancinsu kan dushe kuma su ƙare da hankalinsu garau, amma a wasu wannan alama takan riga mantuwa da shekaru. Ya ƙara da tansiyo, wato hawan jini, da nauyin kunne, da zaman kaɗaici, ya ce kowannensu yana ƙara haɗarin. Yaya, duka ukun suna gidanmu. Ƙwayoyin tansiyo ta bar su da ta ji sauƙi, muka ƙyale. Kunne muka ce tsufa ne. Kaɗaicin kuwa mu muka kawo shi. Da mata suka fara cewa haɗin ya yi ƙarfi, ni da ke muka yanke cewa bai dace uwarmu ta ci gaba da sana'a muna da albashi ba. Muka sallami masu zuwa, muka mai da ita ɗakin baya mai fanka, muka ce ta huta. Tsakar gidan da mata goma ke daka da hira ya zama shiru. Shekara ashirin ina aikin jarida, na karanta rahotanni a kan wannan ciwo, har na fassara ɗaya a rediyo, amma ban gane shi a gidanmu ba. Likitan bai ce da an kula da ba ta kamu ba. Cewa ya yi mai yiwuwa da an jinkirta.

Yanzu na mai da kasko da turmi tsakar gida, Inna Zuliha tana zuwa kullum su yi aiki tare. Sunayen kayan sun ɓace mata, amma hannunta bai manta awo ba. Ɗanƙarami, da na je ba shi haƙuri, cewa ya yi in bari, ya aiko mata da itacen sandal.

Abin da nake roƙo, kada ki jira babbar Salla. Makon jiya ta ga hotonki ta ce wannan Aliya ce, ta yi ƙiba. Jiya ta dube shi ta tambaye ni ko 'yar wa ce, sai can ta tuna. Ki zo tun tana iya kiranki, ki zauna kusa da ita ki karɓi haɗin, don ke ta ce za ta bar wa. Ki kuma auna tansiyonki, kin haura hamsin.

Ki gaida Malam Yusufu, da Abubakar, da takwarar Iya. Inna Zuliha da Amina suna gaishe ki. Ƙullin da ke cikin ambulan haɗin Iya ne na wannan mako. Da ta gama ta miƙo min ta ce in shaƙa in gaya mata gaskiya. Na ce ya yi daidai. Ta ce a kai wa Aliya, ita ce mai hanci a gidan nan.

Ƙaninki,
Safiyanu