Ɗakin da Mijinki Ya Gani

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, aiki sai godiya.

Na ji mijinki na yawo da hoton ɗakina, wai na samu duniya, har yana shirin zuwa hutu. Shi da ya ce ɗaukar hoto ba sana'a ba ce.

Dillalin gidajen da nake wa aiki, wanda bai san gaban kyamara da bayanta ba, shi ya ce in nemo gilashin kyamara wanda zai mai da akurki fada. Na zaɓi mai faɗin gani, mai jan haske ko a ɗakin da ba taga. Da hannu ake murɗa shi har hoto ya fito fes. Abokan aikina, da ba su iya komai ba sai danna maɓalli, tsoronsa suke ji.

Da shi na ɗauki ɗakina don hankalin Inna ya kwanta. Don Allah ki bar ta a haka, Allah ya ƙara mata lafiya.

Mijinki kuwa bismilla, ya zo. Ƙofar nan da ya hango can nesa, daga kan gado nake rufe ta da ƙafa.

Ƙaninki.