Jan Kati a Ƙirjina

Umma,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya Goggo Nawal? Mu nan Rasha lafiya lau, sanyi ne kawai.

Na san ƙanena Hazim ya kawo miki ƙarata, wai na daina cin abinci da shi. Gaskiya ne. Ina cikin masu tsara jarrabawar lasisin sarrafa injin nukiliya, shi kuma yana cikin masu rubutawa. An maƙala mini jan kati a ƙirji, alamar na ga tambayoyin, ba ni ba zancen aiki da ɗalibai. In aka kama mu, mu biyun za a kora.

Jiya ya tare ni yana dariya: "Yaya, ba sai ka ce komai ba. Zan ambaci famfon sanyaya injin, in kalli fuskarka." Umma, shayina na bari na gudu. Kin san fuskata ba ta ɓoye komai.

Don Allah kada ki ce in taimaki ƙanena. Ki roƙa masa Allah ya sa ya ci jarrabawar da kansa. Tashar da zai riƙe in mun dawo Masar, daga rufin gidanki ake hango ta.

Ɗanki,
Mamduh