Zuwa Ga Malama Ladi, Wadda Ta Sa Ni Langa

Malama,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da iyalinki, a duk inda Allah Ya ajiye ki. Ni ce Hajara ta aji biyar, mai ƙafar shan inna, wadda kika koyar a firamarenmu ta Lafiya lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ban san inda kike ba, shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta miki.

Kafin ki zo, darasin motsa jiki a wurinmu fareti ne kawai. A busa usur, a yi layi, a zagaye fili har a gaji. Ni kuwa aikina zama a gindin mangwaro ina gadin takalman 'yan aji. Shekara huɗu ina wannan gadi, har na san silifas ɗin kowa.

Ranar da kika fara, kin zo daga Agyaragu da wandon wasanni a ƙarƙashin zaninki. Kika tambaye ni abin da nake yi, na ce gadi. Kika ce, "Takalmi ba ya guduwa. Tashi ki shiga layi."

Ba ki zubar da faretin ba. Da shi kike buɗe darasi, kuma a lokacin ko tari ba a yi miki. Daga nan sai ki nuna abu ɗaya a hankali, kamar yadda ake jifa ko yadda ake dira ba a ji ciwo ba. Sai ki raba mu biyu-biyu, ɗaya na yi, ɗaya na kallo yana gyara masa. Abokiyata Mnena ce, 'yar Tibi, wadda kullum take ce mini "ka ɗaga hannu", ni kuma in ce mata ni mace ce, mu yi ta dariya. Ƙarshen darasi kuma namu ne. Kowa ya kawo wasan gidansu ya koya wa saura, ke ma ki shiga layi a koya miki. Na ga ranar da 'yan Eggon suka yi ta gyara miki taku, kina ta kuskure, ba ki ji kunya ba.

Wata Alhamis maza suka kawo langa. Kika dube ni, na shiga cikinsu. Ni da na yi rayuwata duka a kan ƙafar dama, tsalle da ƙafa ɗaya ai ba baƙon abu ba ne. Na kayar da mutum uku. A na huɗu na faɗi, haɓata ta fashe. Tabon yana nan har yau.

Washegari Baba ya zo makaranta ransa a ɓace, ya ce ba zai yarda a mayar da 'yarsa abin kallo ba, in haka ne gara in zauna a gida. Hedimasta ma ya goyi bayansa, ya ce abin da kike yi wasan dandali ne, ba darasi ba.

Ranar Asabar sai ga ki a gidanmu. Kika zauna a tabarma kina taya Inna ɓarar agushi har Baba ya dawo daga kasuwa. Ina laɓe a ɗaki ina ji. Ba ki yi masa gardama ba. Kin ba shi haƙuri kan ciwon, sannan kika roƙe shi ya zo ya kalli darasi guda, daga busa usur har tashi, in bai gamsu ba ke da kanki za ki cire ni.

Ya zo. Ya jingine kekensa a bakin fili ya tsaya da hannu a baya. Ya ga faretin, ya ga Mnena tana gyara mini jifa, ya ga ni ma ina gyara mata. Bayan kwana biyu ya kawo mini kambas, ya sa mai gyaran takalmi ya ƙara wa na hagu tudu.

Yanzu ni ma malama ce. An taɓa tura mu bita, masu digiri suka yi ta jero sunayen hanyoyin koyarwa da Turanci, suna cewa a riƙa haɗa su. Ina zaune ina jin su, ina ganin filinmu.

An mayar da ke Awe a ƙarshen zangon da na yi langar nan, ina kwance da zazzaɓi. Bayan shekaru na je har can neman ki. Matan da ke dafa gishiri suka ce sun san ki, amma kin yi ritaya kin bi ɗanki wani gari.

Malama, ban taɓa ce miki na gode ba. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, na ɗauka ranar Litinin zan same ki a fili.

Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar gwiwa da ta ido, Ya sa 'ya'yanki su riƙe ki da kyau. In da rabo, Allah Ya haɗa fuskokinmu.

Taki har kullum,
Hajara